Littafin da Na Cire Ban Karanta Ba

Nu'aija, Doha
Safiyar Juma'a

Yayarsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Idan kina karanta wannan, to kin sauka Kaduna ke nan. Ina fata kin iske Goggonki da mutanen gidanta lafiya. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya sa wa sabon aikinki albarka, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa, ba masu tsoron guruf ɗin iyaye na waya kaɗai ba. Amin.

Na sa takardar nan a ƙasan akwatinki, tsakanin dabino da turaren Goggo, don na san ba za ki gan ta ba sai kin zo rabon tsaraba. Ba labarin gida zan ba ki ba. Babu abin da zai faru a nan da ƙannenki ba za su riga ni faɗa miki ba, har da ƙari.

Amsa kike bi na. Ranar da muka je Mushairib sayen takalmi, a cikin jirgin ƙasa, kin ce mini shugabar makarantar da ta ɗauke ki ta bugo waya. Ta ce ban da koyarwa, ke za ki riƙe laburare, kuma aikinki na farko shi ne ki tace littattafai, saboda iyaye sun tada hankali a kan cewa akwai na batsa da na luwaɗi da maɗigo a ciki. Kika ce, "Mama, ke da kika taɓa yin aikin nan, yaya zan yi?" Na ce ki nemi safar hannu, littattafan makaranta ƙura gare su. Kika yi dariyar ladabi, kika juya kina kallon taga, alhali muna ƙarƙashin ƙasa, babu abin gani sai bango. Na ga haka. Ina ganin abubuwa da yawa, faɗa ce ba na yi.

To ga amsar, yadda na iya.

Kin san digirina na kimiyyar halittu ne, kin kuma san inda ya ƙare: manna wa littattafai lamba a laburaren wata makarantar kuɗi a garin nan. Ba ƙorafi nake ba. Akwai sanyin esi, akwai shiru, abubuwa biyu da ba a samu a aji. Kina ƙaramar sakandare lokacin da umarni ya zo cewa a duba kowane littafi, a fitar da duk abin da ya saɓa wa addini da al'adar ƙasa. Aka kafa kwamiti. Akwai shugabarmu, Baturiya, wadda abin da take karantawa a lokacin bai wuce takardar kwantiraginta ba. Akwai malamin Larabci. Akwai Anti Rifkatu, da kika sani, nas, wadda iyaye suka wakilta domin ita kaɗai ta ɗaga hannu. Sai ni.

Littattafan sun fi ƙarfinmu, lokacin da aka ba mu kuma kaɗan ne. Sai muka ƙirƙiro hanya. A dubi bango, a sa babban yatsa a karkaɗa shafuka, idan an hango fatar mutum ko launuka sun yi yawa, a jefa a kwali. Haka na ɗauki wani littafi mai hoton bakan gizo a bangonsa na jefa. Rifkatu ta tsamo shi.

"Hajiya, wannan fa na kimiyya ne. Yadda haske ke rabuwa idan ya ratsa gilashi."

"Kin ga launukan?"

"Na gani. Tun zamanin Nuhu suke nan, ba yau aka yi su ba."

"To idan masu duba makarantu suka zo, ke za ki yi musu tarihin Annabi Nuhu."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke fa aka ce kin yi jami'a."

Malamin Larabci, wanda motar ma'aikata yake hange, ya ce, "Yalla, yalla, khalas," wato a yi sauri a gama. Littafin ya koma kwali. Shekarar nan 'yan aji huɗu sun koyi darasin haske babu hoto.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Don haka abu na farko: kada ki cire littafin da ba ki karanta ba. Daga bango zuwa bango. Idan sun ce lokaci ya ƙure, ki ce su ƙara lokaci ko su ƙara masu karatu. Wanda ya matsu a cire littafi yau, ba zai mutu ba idan aka cire shi wata mai zuwa.

Kada ki ɗauka ina cewa kada a cire komai. Ba zan yi miki ƙaryar wayewa ba, kin san ni. Daga baya na zauna na karanta da yawa daga cikin abin da muka fitar, kuma akwai waɗanda ko yau aka tambaye ni zan ce a ɗauke su daga gaban ƙananan yara. Akwai na 'yan nazare mai nuna gida da uba biyu babu uwa. Addinina bai yarda da shi ba, iyayen da suka ba mu amanar 'ya'yansu ba su aiko su don shi ba. Akwai wani labari kuma da ke da shafuka waɗanda ni da na haifi huɗu sai da na rufe na sha ruwa. Waɗannan zan iya tsayawa gaban kowa in ce shafi kaza ne, dalili kaza ne. Abin da nake so ki iya ke nan. Idan kin cire, ki san abin da kika cire. Ni a lokacin ban sani ba. Tsoro nake ji, na sa masa suna tarbiyya.

Na biyu ya fi wannan muni. Bayan an gama tacewa, wani uba ya shigo laburare da rana tsaka, da makullin mota a hannu, irin shigowar wanda bai yi niyyar zama ba. Ya ji cewa a cikin abin da aka fitar akwai labarin wasu 'yan mata biyu da ke son juna. Yana so ya san su wa suka taɓa aron sa, don ya san da wa 'yarsa take zama. Ya yi maganar cikin ladabi. Ni kuma ina son a ga ba ni da abin ɓoyewa. Na juya masa fuskar kwamfuta.

'Yarsa ba ta ciki. Amma akwai sunan wata yarinya 'yar babban aji, mai shiru, wadda ta are shi fiye da sau ɗaya. Kafin a tashi daga makaranta sunanta ya zaga guruf ɗin iyaye. Mako na zagayowa kujerarta babu kowa. Aka ce an mayar da ita ƙasarsu wajen kakarta.

Har yau ban san abin da ke zuciyar yarinyar nan ba. Wataƙila labarin ne kawai ya yi mata daɗi. Wataƙila wani abu ne ke damunta take neman sunansa. Ko wanne ne, magana ce da ya kamata ta ƙare tsakaninta da mahaifiyarta a ɗaki, da ƙofa a rufe, ba a wayar tarin mata masu jiran abin turawa ba. Littafi aka ce in tace, na ɓuge da tace yara. Ke kada ki yi. Abin da yaro ya ara amana ne. Idan uba yana so ya san abin da ɗansa ke karantawa, haƙƙinsa ne, ki gaya masa na ɗansa, shi kaɗai, a zaune. Na 'ya'yan wasu kuwa, ko mai makarantar ne ya tambaya, ki ce ba ki da baki. Za su ce kin cika taurin kai. Ki ce gado ne, ta wajen uba.

Yanzu sai na uku. Wannan kin fi ni saninsa, amma ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba, kuma ba na so ki tafi da shi a haka.

Kwalayen nan sito aka ce a kai su. Sito ya cika da kujerun da suka karye. Shugaba ta ce in yi yadda na ga dama da su, ita dai kada ta sake ganin su. Ni kuma an raine ni a gidan da ba a zubar da takarda mai rubutu, ko da ta ƙunshin ƙosai ce. Na ɗauko kwali ɗaya na kawo gida na tura ƙarƙashin gadonmu. A cikinsa akwai wani ɗan siririn littafi na yara a kan jikin mutum. Ni da hannuna na jefa shi a kwali, saboda na hango zanen yara biyu a bahon wanka. Har jan layi na ja a bangonsa.

A shekarar ne muka ɗauko miki mai lesin lissafi. Ɗan ƙasarmu ne, a wajen taron Juma'a aka ba Babanki shi, da yabo mai yawa. Mutum ne mai doguwar sallama, ba ya haɗa ido da matan mutane. Yakan zo bayan la'asar, ku zauna a falo, ni ina kicin, ƙofa a buɗe. A ganina na gama tsaro.

Kika ce, "Mama, ba na son lesin ɗin nan." Na ce lalaci ne, babu wanda aka haifa yana son lissafi.

Kika ce, "To ki riƙa zama a falo." Na ce, "Ni zan rubuta jarrabawar?"

Sai kika fara sa dogon hijabi har ƙasa a cikin gida, a zafin garin nan da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Na je ina yi wa Rifkatu alfahari cewa 'yata ta zama ustaziya ba tare da na yi mata wa'azi ba. Ki lura da wannan da kyau. Mace ce da ta yi wata guda tana farautar ɓarna a cikin takarda, ɓarnar kuma tana shigowa falonta da ƙafa biyu, tana ba ta shayi.

Ranar da kika zo, ina yanka albasa. Kika tsaya a bakin kicin da littafin nan a buɗe, kin ɗora yatsa a kan shafi. Ina tuna abin da ya fara fitowa daga bakina, kalma da kalma, domin ban taɓa samun hanyar mayar da shi ba: "A ina kika samo wannan? Wa ya ce ki taɓa kwalin nan?"

Ba ki ɗauke yatsan ba. Kika ce, "Mama, karanta."

Na goge hannu na karɓa. Ranar na fara karanta littafin da na yanke wa hukunci. Shafin yana cewa akwai wurare a jikin yaro da babu wanda ke da izinin taɓawa, ya kuma faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ba kwana-kwana. Yana cewa idan babba ya taɓa ka ya ce sirri ne, to wannan sirrin ba a riƙe shi, a gaya wa uwa. Kin bi umarnin littafin. Kin zo wajen uwa. Uwar ta tambaye ki wa ya ba ki izinin taɓa kwali.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa sai da kika nemo littafin Turanci kafin ki iya gaya mini. Ba wuya a gano. A jami'a na zana jikin mutum ciki da waje, na sa wa kowace gaɓa suna, na ci jarrabawa. Amma a gidana, da Hausa, ban taɓa furta ɗaya daga cikinsu a gabanki ba. "Wajen nan" muke cewa. "Abin nan." Ranar da kika fara al'ada, leda na ajiye miki a kan gado na fita, na bar Rifkatu ta yi bayani. Kunya muke kiran wannan, kuma ina son kunya, ba zan zage ta ba. Ita ta sa gidanmu yake da daɗin zama. Amma na ba ki kunya ban ba ki kalmomi ba, shi kuwa mai lesin nan ya san da haka. Irinsu da shirunmu suke aiki.

Babanki ya tare shi a bakin ƙofa washegari. Ban san abin da ya gaya masa ba. Daga nan muka yi abin da muka iya: muka yi shiru. Muka ce mu baƙi ne, ga takardar iƙama, ga kafil da zamanmu ke hannunsa, kada magana ta yi tsawo. Muka ce kada sunanki ya shiga bakin mutane. Duka dalilan nan gaskiya ne, kuma duka sun yi wa mutumin nan daɗi.

Ba a jima ba na ji yana koyar da 'ya'yan wata Hajiya a Umm Salal, can wajen gonaki, mata uku. Na kira ta, Rifkatu na zaune kusa da ni. Muka gaisa, muka tambayi yara, muka tambayi zafi. Sannan na ce, "Hajiya, malamin nan naku, a riƙa ɗan sa ido, ba shi da natsuwa sosai."

Ta yi dariya. "Ai haka masu lissafi suke, Hajiya. Kansu ya yi zafi."

Na ce haka ne. Ina shirin yin sallama, Rifkatu ta fizge wayar.

"Hajiya, sunana Rifkatu, ni nas ce, ba ni da kunya, aikina ya cinye ta. Mutumin nan yana taɓa yara mata. A ƙirji da cikin cinya. Kada ya sake shiga gidanki, kuma yau ki zaunar da 'ya'yanki ki tambaye su, da sunan wurin, ba da 'abin nan' ba."

Ba ta ambaci sunanki ba, ba ta ce a gidan wa aka yi ba. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ga Hausarki nan, ta jami'a. Tawa ta Jos ce, ba ta da zani." Ranar matar ta sallame shi. Rifkatu ce kuma ta bi sauran gidajen da yake koyarwa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Babanki har ya kai maganar gaban hukuma, inda ya kamata tun farko. Abin da na kasa yi da digiri da ladabi, jimla huɗu suka yi shi.

Don haka idan yaro ya zo miki a makarantar nan yana kewaye-kewaye, yana cewa ba ya son wani malami, ko ba ya son direba, ko yana so ki zauna kusa, ki ajiye abin da ke hannunki. Kada ki fara da tambayar inda ya samo maganar. Idan kuma ke ce za ki gargaɗi wani, ki faɗi abin da sunansa. Za ki ji kamar bakinki zai tsage. Ba ya tsagewa, na gwada daga baya.

Su kuma iyayen da ke jiran ki, kada ki raina su. Na san halinki, kina da irin kallona, kuma ba kowa ke jure shi ba. Ba jahilai ba ne, tsoro suke ji, kuma suna da dalili. Duniyar da 'ya'yansu ke gani a waya ta isa ta hana uwa barci. Ni ma ina cikinsu, har kujera aka ba ni. Ki kira su, ki ba su wurin zama da ruwa, ki miƙa wa kowa littafin da yake ƙara a kai, ki ce ya nuna miki shafin. Za ki tarar yawancinsu hoton bango kawai aka turo musu, wani ma littafin babu shi a makarantar, yana can wata ƙasa. Wanda ya nuna miki shafi na gaske, ki saurare shi da gaske, wataƙila shi ke da gaskiya. Wani littafin ba cirewa yake so ba, matsar da shi ake daga kantar ƙanana zuwa ta manya. Wani kuwa a fitar da shi, ki sa hannu, ki kwana lafiya.

Amma za a zo kan irin wancan siririn littafin, domin kullum yana cikin na farko da ake jefawa, saboda zane. A nan nake so ki tsaya. Ba sai kin ba su labarinki ba. Naki ne, babu wanda ke bin ki bashinsa, har ni. Ki ba su nawa. Ki ce kin san wata mai kula da laburare, mai digiri, mai salla a kan lokaci, da ta cire shi ba ta karanta ba, kuma Allah ya taimake ta ba ta iya zubar da takarda. Idan duk da haka suka ce ko littafin ko aikinki, ke za ki zaɓa, ba ni ba. Abin da zan ce kawai, ɗakinki yana nan. Ƙanwarki ta riga ta auna gadon da ido, amma za a tashe ta.

Ki ɗaga takardar nan, littafin yana ƙarƙashinta. Hatimin makarantarmu yana jiki, da jan layina. Kada ki goge layin. Ki sa shi a kanta ta ƙasa, inda hannun ƙaramin yaro zai kai ba sai ya roƙi kowa ba.

Saura abu ɗaya. Ke ce 'yar fari, kuma tun da aka raɗa miki suna ban taɓa kiran ki da shi ba. Haka uwata ta yi wa yayana, haka tata uwar ta yi. Na rubuta shi a takardun asibiti da na makaranta da na iƙama, amma a baki sai "ke", sai "Yayarsu" da ƙannenki suka zo suka cece ni. Turawan wajen aikinmu sun ɗauka sunanki ke nan. Ina alfahari da wannan kara, ina ganin ko Doha ba ta raba ni da ita ba. Sai da na zauna rubuta miki wannan na ga abin da kyau. Yarinyar da uwarta ba ta iya faɗin sunanta, da wane baki za ta faɗa wa uwar sunan abin da aka yi mata?

Ɗazu da safe, kina ɗaki kina ninke kaya, ina kicin ina dafa shayi, na ce bari in gwada. Na faɗe shi sau ɗaya, a hankali, ina kallon tukunya. Ashe ya fita. Kika leƙo da ɗankwali a hannu kika ce, "Mama, wa ya kira ni?" Na ce talabijin ne. Kika dubi talabijin, yana kashe, kika koma ɗaki.

Ni ce na kira ki, Nafisa.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya tsare ki daga sharrin da ke ɓoye da wanda ke sallama a bakin ƙofa. Ya tsare yaran da za a ba ki amana, ya ba ki kunnen jin su tun kafin su nemo littafi. Ki gaida Goggo, ki ba ta turarenta, dabinon kuma a raba har maƙwabta. Idan kin huta ki kira ni. Zan amsa da sunanki, kada ki yi dariya.

Wassalam,
Mamanki